Zinaren jirgin Dmitrii Donskoi: yadda aka sayar wa mutane dukiyar da ba wanda ya taɓa gani

Shin da gaske akwai tan 200 na zinare kwance cikin wani tsohon jirgin yaƙin Rasha a ƙarƙashin tekun Koriya? Wannan tambaya ta karaɗe duniya a watan Yulin 2018, kuma irin labarin ba ya mutuwa. Yakan lafa, sai wata rana a sake ganinsa a waya da hoton jirgi mai tsatsa da lissafin biliyoyin daloli, kamar jiya aka gano shi. Masu jin labarin sukan rabu gida biyu. Wasu su ce ai tunda ga hoton jirgi, dukiyar ma tana nan. Wasu su ce duk tatsuniya ce, babu jirgin babu zinaren.

Duka biyun sun kauce. Jirgin gaskiya ne, yana nan a inda aka ce. Zinaren ne ba a taɓa nuna ko ƙwaya ɗaya ba. A tsakanin waɗannan abubuwa biyu aka kafa tarkon da ya cinye kuɗin mutane sama da dubu biyu, kuma wannan tazarar ce nake so mu duba da kyau.

Wane jirgi ne, kuma me ya kai shi can?

Dmitrii Donskoi jirgin yaƙi ne na daular Rasha, an sa shi a ruwa a 1883, an ba shi sunan wani yariman Mosko da ya yi suna a yaƙin Kulikovo na 1380. Nauyinsa wajen tan 6,000. Lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Japan a 1904, jirgin ya riga ya tsufa.

Rasha ta ga rundunarta ta gabas tana shan kashi, sai ta ɗauki matakin da har yau masana tarihin yaƙi ke mamakinsa. Ta tattara ayarin jirage daga tekun Baltik a watan Oktoban 1904, ƙarƙashin Admiral Rozhestvensky, ta ce su tafi har gabashin Asiya. Babban ɓangaren ayarin ya zagayo Afirka, ya tsaya a Dakar da gaɓar Gabon, ya karya ta ƙasan Afirka ta Kudu, ya yada zango a Madagaska. Suna can labari ya iske su cewa Port Arthur, sansanin da suka taso ceto, ya faɗa hannun Japan. Duk da haka aka ce su ci gaba, su nufi Vladivostok, tashar jiragen ruwan Rasha a gabas mai nisa.

Bayan tafiyar sama da wata bakwai, a ranar 27 ga Mayun 1905, Admiral Togo na Japan ya tare su a mashigin Tsushima. Cikin kwana biyu aka gama da ayarin. Dubban sojojin Rasha suka mutu, wasu dubbai aka kama, jirage uku kacal suka isa Vladivostok. Donskoi ya tsira a ranar farko, har ya kwashi wasu da suka tsira daga jiragen da suka nutse, ya miƙa arewa. Da yammacin 28 ga wata jiragen Japan suka cim masa kusa da tsibirin Ulleungdo. Ya yi faɗa har duhu, ya ji rauni ƙwarai, kyaftin ɗinsa Ivan Lebedev ya samu raunin da ya zama ajalinsa daga baya. Cikin dare aka sauke mutane a tsibirin, da safiyar 29 ga Mayu kuma ma'aikatansa suka nutsar da shi da hannunsu don kada ya faɗa hannun abokan gaba.

A riƙe wannan: ba farat ɗaya jirgin ya nutse da kowa da komai ba. Ɗaruruwan mutanensa sun sauka da ransu, Japan ta kama su, bayan yaƙi suka koma gida.

Daga ina zancen zinare ya samo asali?

Ruwa ba ya tsami banza, jita-jitar tana da ɗan abin da ta jingina da shi. Ayari mai dubban sojoji da zai yi wata da watanni a hanya yana buƙatar kuɗi: albashi, abinci, kuɗin tashoshi. A wancan zamani jiragen yaƙi kan ɗauki akwatin kuɗi, kuma ba abin mamaki ba ne a samu tsabar zinare a ciki. A tsibirin Ulleungdo ma akwai labarin da ake bayarwa cewa sojojin Rasha sun ba wani mutumin garin buta cike da tsabar zinare don ya taimake su. Daga nan zance ya yi ta girma, har aka ce dukiyar ayarin gaba ɗaya an kwashe ta daga wani jirgin, Admiral Nakhimov, an zuba a Donskoi ana tsakiyar yaƙi.

Amma akwatin albashi daban, tan 200 daban. Masana tarihi a Rasha sun yi tambayar da ba a amsa ba: me zai sa gwamnati ta ɗora irin wannan dukiya a tsohon jirgi mai tafiya bakin daga, alhali tana da layin dogon da ya ratsa Saiberiya har Vladivostok ta tudu, nesa da jiragen yaƙin Japan? Ga shi kuma jiragen ayarin an labta musu kwal har ya yi musu yawa, domin babbar matsalar tafiyar ita ce inda za a sami makamashi. Sannan a ce akwatuna 5,500, kamar yadda aka yi iƙirari, an sauya musu jirgi a tsakiyar teku ana ruwan harsasai? Kuma cikin ɗaruruwan da suka sauka a tsibiri, da hafsoshin da suka rubuta rahoto bayan yaƙi, a rasa takarda ɗaya da za a nuna?

Shi kansa Nakhimov ɗin an taɓa yin wannan rawa a kansa. A 1980 wani hamshaƙin attajirin Japan, Ryoichi Sasakawa, ya ɗauki nauyin nutso a kan jirgin, ya fito wa 'yan jarida da sandunan ƙarfe ya ce ma'adini mai daraja ne. Tarayyar Sobiyet ta taso ta ce jirginta ne. Da aka duba nauyin sandunan gwargwadon girmansu, sai lissafin ya yi daidai da dalma, wadda mutanen Zamfara suka san illarta.

Abin da ya faru a 2018

Ranar 17 ga Yulin 2018 wani kamfani mai suna Shinil Group a birnin Seoul ya sanar cewa ya gano Donskoi, kilomita 1.3 daga gaɓar Ulleungdo, a zurfin mita 434. Ya fitar da bidiyon da ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa suka ɗauko, har ana iya karanta sunan jirgin da haruffan Rashanci a bayansa. Tare da wannan aka baza cewa akwai zinaren da ya kai won tiriliyan 150, wato dala biliyan 130 da wani abu. Don a gane girman adadin, ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafin kuɗin Koriya ta Kudu na wannan shekarar.

A nan ne lissafi mai sauƙi ya isa ya tsayar da mutum. A lokacin ana sayar da oza ɗaya na zinare a kan dala 1,200 da 'yan kai. Tan ɗaya ya kama kusan dala miliyan 40. Tan 200 ke nan bai wuce dala biliyan 8 ba. Kafin a kai dala biliyan 130 sai an tara sama da tan 3,000, fiye da rabin nauyin jirgin kansa. Ko tan 200 ɗin ma ya kusa ninka abin da Babban Bankin Koriya ta Kudu ke ajiye da shi, wato tan 104. Adadin biyu da aka bayar, na nauyi da na kuɗi, ba su ma yarda da juna ba, amma kafafen yaɗa labarai da dama a duniya suka ɗauka suka buga a haka. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin talakan da ya ga labari a babbar jarida yana da uzuri in ya gaskata.

Sai kuma batun takarda. Dokar Koriya ta ce wanda zai haƙo ko ya tsamo dukiya a yankin gwamnati sai ya nemi izini, ya kuma ajiye kashi 10 cikin ɗari na ƙimar abin a matsayin jingina. In da gaske won tiriliyan 150 ne, jinginar won tiriliyan 15 ke nan. Kamfanin kuwa an yi masa rajista ne a watan Yuni, wata ɗaya da 'yan kwanaki kafin sanarwar, da jarin won miliyan 100, abin da bai kai dala 100,000 ba. Da ya je ofishin kula da harkokin teku na Pohang neman izini, sai ya ƙiyasta darajar jirgin a kan won biliyan 1.2, kusan dala miliyan ɗaya, wato kuɗin ƙarfensa in an sayar wa 'yan jari-bola. Ga jama'a tiriliyan 150, ga hukuma biliyan 1.2. Bambancin ya kai ninki 125,000. Ofishin ma bai karɓi takardun ba, ya ce ba su cika ba.

Ranar 26 ga Yuli shugaban kamfanin ya kira taron manema labarai, ya ba da haƙuri kan amfani da adadin tiriliyan 150 ba tare da tantancewa ba, ya amince cewa ba su tabbatar da akwai zinare ba. Ko da akwai tan 200, in ji kamfanin, darajarsa wajen won tiriliyan 10 ce. Kwana tara ke nan tsakanin iƙirari da janyewa, amma kuɗin mutane ya riga ya shiga.

Ta ina aka ci kuɗin?

Ta hanya biyu, kuma ba ɗaya daga ciki da ta buƙaci a taɓa jirgin.

Ta farko ita ce kasuwar hannayen jari. An sami labarin cewa shugabannin Shinil sun ƙulla yarjejeniyar sayen kaso a wani kamfanin ƙarfe, Jeil Steel. Mutane suka ɗauka duk wanda ya riƙe hannun jarin Jeil ya riƙe wani yanki na zinaren, suka yi rububi, farashi ya haura har iyakar kashi 30 cikin ɗari da doka ta yarda a rana guda. Da Jeil ya fito ya ce ba ruwansa da aikin jirgi, farashi ya rikito a kan waɗanda suka shigo a makare. Hukumar sa ido kan harkokin kuɗi ta ƙasar ta yi gargaɗi, ta buɗe bincike.

Ta biyu ita ce ta fi ciwo. Wani kamfani mai suna iri ɗaya da aka yi wa rajista a Singafo ya riƙa sayar da kuɗin kirifto mai suna Shinil Gold Coin, tun kafin a sanar da gano jirgin. An ce wa masu saye kuɗin yana da jingina, jinginar kuwa ita ce zinaren da ke ƙarƙashin teku, kuma da zarar an fara cinikinsa a kasuwa zai ninka sau ɗari. Da abu ya ɓaci, Shinil na Seoul ya ce shi bai da alaƙa da na Singafo, ya ma sauya suna. 'Yan sanda suka kai samame ofisoshinsa a watan Agusta, bincike ya nuna mutane wajen 2,600 sun zuba kusan won biliyan 9, wato kimanin dala miliyan 8. Abin da aka ba su ma ba kirifto na ainihi ba ne, lambobi ne kawai a shafin kamfani. A watan Mayun 2019 kotu a Seoul ta ɗaure wasu manyan kamfanin, daga shekara biyu zuwa biyar. Wanda ake zargi da kitsa shirin yana ƙasar waje, aka sa 'yan sandan duniya nemansa.

Abin takaicin shi ne mutanen Koriya sun taɓa ganin wannan. A ƙarshen shekarar 2000 kamfanin gine-gine na Dong-Ah, wanda ya yi aikin babban kogin bututu na Libiya zamanin Gaddafi, yana gab da durƙushewa, sai labari ya fita cewa ya gano Donskoi. Hannun jarinsa ya tashi daga won 360 zuwa sama da 3,000 cikin 'yan makonni. A 2001 kamfanin ya karye, ƙananan masu zuba jari suka tashi da takardun banza. Cibiyar binciken teku ta gwamnati da ta yi aiki da Dong-Ah ta ce tun 2003 ta ga jirgin, don haka ko iƙirarin Shinil na cewa shi ya fara ganowa ta musanta. Shekara goma sha takwas ta isa a sami sabbin mutanen da ba su ji na farko ba.

In ma akwai zinaren, na wa ne?

Wannan tambaya ita ce masu saye suka fi tsallakewa. Tunaninmu na yau da kullum shi ne tsintuwa ta mai tsinta ce. A dokar teku jirgin yaƙi ba haka yake ba. Ƙa'idar da manyan ƙasashe ke bi ita ce jirgin yaƙi mallakin ƙasarsa ne ko ya shekara ɗari uku a ƙasan ruwa, sai in ita ta furta cewa ta sallama. Yawanci kuma ana kallon irin waɗannan jirage a matsayin makwancin sojojin da suka mutu a ciki.

Akwai misali a fili. A 2007 kamfanin Odyssey na Amurka ya tsamo tsabar kuɗi sama da 500,000, mafi yawa azurfa, nauyin tan 17, daga tekun Atlantika. Sifaniya ta ce jirgin yaƙinta ne, Nuestra Señora de las Mercedes, wanda Birtaniya ta nutsar a 1804. Aka yi shekara biyar a kotunan Amurka. A 2012 jiragen saman sojan Sifaniya suka zo suka kwashe kayan gaba ɗaya, kamfanin ya tashi a tutar babu. Haka jirgin San José da ya nutse a 1708 kusa da Cartagena: Kolombiya ta sanar da gano shi a 2015, har yau ana ja-in-ja tsakaninta da Sifaniya da wani kamfanin Amurka da wata ƙabila ta Bolibiya da ke cewa kakanninta ne suka haƙo ma'adinin.

Saboda haka mai sayen Shinil Gold Coin yana caca ne hawa uku: a ce akwai zinare, a ce za a iya tsamo shi daga zurfin da ya wuce mita 400, a ce kuma Rasha da Koriya za su bar wa kamfani mai wata ɗaya da haihuwa. A zaurukan karatunmu malamai sun daɗe da ba wannan ciniki suna, garari, kuma misalin da littattafan fikihu kan kawo shi ne sayar da kifin da ke cikin kogi. Bahaushe ya ce cinikin biri a sama. A nan ma ba a tabbatar akwai birin a bishiyar ba.

Yadda zinaren gaskiya yake kama

Kada a fahimce ni da cewa ba a taɓa samun zinare a jirgin yaƙi ba. An samu, kuma kwatanta shi da na Donskoi shi ne ya fi komai wayar da kai.

A 1942 jirgin yaƙin Birtaniya HMS Edinburgh ya taso daga Murmansk ɗauke da sandunan zinare 465, kuɗin kayan yaƙin da Tarayyar Sobiyet ke biyan ƙawayenta. Jamusawa suka harbe shi, ya nutse a tekun Barents. An san adadin sandunan tun ranar da aka loda su, domin akwai takardu a ɓangarorin biyu. A 1981, da izinin gwamnatocin Birtaniya da Sobiyet, kuma bisa yarjejeniyar rabo da aka rubuta tun kafin a shiga ruwa, masu nutso suka sauka zurfin mita 245 suka fito da sanduna 431. A 1986 aka ƙaro 29. Duka nauyin bai wuce tan biyar da wani abu ba, kuma wannan yana cikin manyan ayyukan tsamo zinare da aka taɓa yi.

Ga bambancin. A Edinburgh takarda ce ta riga nutso, mai kaya ya san kayansa, an nemi yardarsa, an nuna zinaren bayan an fito da shi. Ba wanda ya buɗe shafi yana kiran masu fansho su sayi rabo. A Donskoi talla ce ta riga komai.

Ko inda zinaren yake da gaske ma, mai zuba jari bai tsira ba. Jirgin fasinja na SS Central America ya nutse a 1857 da zinaren Kalifoniya, aka gano shi a 1988. Masu zuba jari 161 da suka ba da kuɗin aikin ba su ga ribarsu ba, wasunsu suka kai ƙara. Jagoran aikin, Tommy Thompson, ya ɓuya, aka kama shi a 2015, ya shafe shekaru a kurkuku saboda ƙin faɗa wa kotu inda wasu tsabar zinare suke.

Me ya shafe mu?

Tsakaninmu da Ulleungdo akwai nisa, amma salon ba baƙo ba ne. Mun san masu zuwa da labarin tukunyar dukiya a tsohon kufai, wadda ba za ta fito ba sai an kawo kuɗin turare. Mun ga MMM da ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025. Abin da labarin Koriya ya ƙara mana shi ne yadda ake amfani da abu na gaskiya a rufe na ƙarya. Bidiyon jirgin sahihi ne, tarihin yaƙin sahihi ne, sunan da ke jikin ƙarfen sahihi ne. Mutum ya bincika waɗannan ya same su daidai, sai zuciyarsa ta kwanta, ya manta cewa abu ɗayan da ya ba da kuɗinsa dominsa shi ne ba a nuna masa ba.

Ban kuma yarda da masu cewa kwaɗayi ne kawai ya ja mutanen ba. Koriya ta Kudu ƙasa ce mai ilimi da dokoki masu ƙarfi, amma an yi musu sau biyu da jirgi ɗaya. Wanda ya ga albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ya ga labari a talabijin, ya ga maƙwabcinsa ya saya, ba wawa ba ne. Laifin yana kan wanda ya san adadin da ya rubuta wa hukuma, ya kuma san wanda ya faɗa wa jama'a. Da masu saye sun nemi ganin takardar neman izinin nan ta Pohang, da sun ga da idonsu cewa kamfanin da kansa ya yi wa jirgin kuɗin tsohon ƙarfe.

Donskoi yana nan a zurfin mita 434, ba a ɗaga shi ba, ba a fito da zinare ko giram ɗaya daga cikinsa ba. Shi kuwa wanda ake zargi da kitsa shirin, 'yan sandan Koriya sun ce ana cikin nemansa ya sake buɗe wani kamfani da sabon suna da sabon kuɗin kirifto. A wannan karon jinginar wata mahaƙa ce a yankin Yeongcheon, wadda aka ce tana ɗauke da tan miliyan 10 na zinare. Duk zinaren da ɗan Adam ya haƙo tun farkon tarihi wajen tan 200,000 ne. Ɗaruruwan mutane sun sake saya.